Kwabbai a Kan Rufin Ɗakin Tsoho

"Sauko! Na ce ka sauko, ɓarawon banza!"

Muryar Baffa ce, yayan mahaifina. Ni kuwa ina kan rufin ɗakin kakana, guduma a hannun dama, gwangwanin kwalta a hagu, kwanon ya sha ruwan safe sai santsi yake. Na leƙa ƙasa, na ga 'yan zaman makoki sun baro tabarminsu sun zagayo bayan gida sun yi cirko-cirko, mata kuma na leƙe ta kan katanga. Ranar addu'ar uku ce. Ko gumba ba a gama rabawa ba.

Na ce, "Baffa, yoyo nake toshewa."

"Yoyon da wa ya yi? Sauko mu gani."

Na biyo tsani. Ƙafata ba ta gama taɓa ƙasa ba ya cusa hannu a aljihuna, ya zaro makullin babur ɗina. A jikin makullin akwai wani tsohon kwabo mai huda a tsakiya, irin kuɗin zamanin Turawa. Ya ɗaga shi sama kowa ya gani.

Wanda bai san gidanmu ba ba zai gane abin da ya sa mutane suka ɗauki salati ba. Rufin ɗakin nan, kowace ƙusa da aka buga sai da aka zura ta cikin irin wannan kwabo, don kada kanta ya huda kwano. Tun ba a haife ni ba yake haka. A safiyar nan kuma an tarar an zare layi guda na ƙusoshin baya, kwabban sun tafi.

Baffa ya ce, "Jama'a ku shaida. Ubana bai gama kwanciya a kabari ba an fara cin rufin ɗakinshi."

Na ce, "Wannan Tsoho ne ya ba ni da hannunshi. Ya daɗe a jikin makullin nan."

"Wa ya gani?"

Ba ni da shaida. Can baya na ji wani ya ce, "Ai dama ɗan gwangwan ne, ƙarfe ko na makara ya gani sai ya auna shi da ido." Wani ya ce, "Marigayin ne ya sangarta shi." Wata daga cikin gida ta ce, "Ku bari dai a watse, da kunya."

Da addu'a ya kamata in buɗe, to ga ta yanzu. Na Allah ne mu, wurinShi kuma za mu koma. Kakana, wanda duk gidan muke ce ma Tsoho, ya rasu a ƙauyenmu da ke bayan Dayi, cikin tsakiyar damina, masara ta fara goyo. Bai yi doguwar jinya ba. Shekarunshi ba wanda ya sani, in ka tambaye shi sai ya ce, "Me za ka yi da su? Wa ya aiko ka?" A hannunshi na tashi, shi da matarshi Iya, don mahaifina ya rasu ina ƙarami, uwata kuma ta yi aure nesa. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan, tun da aka kai shi ba a maganarshi, maganar rufinshi ake yi. Ina tsoron nan gaba in an ambace shi kwabo kawai za a tuna.

Ranar farko dai masu gaisuwa shi suka tuna. Mai awon hatsi na kasuwar Dayi ya zo ya durƙusa, ya ce, "Allah ya jiƙan Malam. Tun ina saurayi yake saye a wurina, bai taɓa yarda da tiyata ba. Sai ya kifa ta ya ƙwanƙwasa gindin, wai ko na buga shi ciki. Amma kuma bai taɓa zuwa wurin wani ba." Mai kawo mana nono ta zauna wurin mata tana share hawaye, ta ce kullum sai ya sa ta ɗiga mashi a farce ya ga ko ta ƙara ruwa, in ya gama gardama kuma ya ba ta goro. Sai abokinshi na ƙuruciya, shi kaɗai ya rage a sa'o'insu, kunnenshi ya mutu, in zai yi magana sai ya ɗaga murya kamar mai kiran salla. Aka kawo shi a babur, ya zauna, sannan ya ce, "To yanzu wa zai ƙaryata ni?"

Haka Tsoho yake. Bai yarda da komai ba sai ya juya shi ya ga bayanshi.

In ka shigo gida da leda, kafin ka yi sallama ya ce, "Nawa?" In ka faɗa sai ya riƙe baki. Ranar da na sayo mashi biredi da madara na faɗi kuɗin, cewa ya yi, "Da wannan na auri Iyarku, har na yi ragowar na goro." Daga nan an buɗe ke nan. Da kwabo guda a tashar Funtua ka ci tuwo da miya har da tsoka, mai tuwon kuma ta yi maka sannu. Anini, wanda sai ka tara goma suke zama kwabo, da shi yara ke sayen rake da ƙuli. Sule guda a aljihu, ranar kasuwa sai ka riƙa tafiya kana dafe shi. Fam kuwa ya ce ya girma kafin ya taɓa ta da hannu, a wurin wani direba ya fara ganinta, sai da ya roƙa aka bari ya shinshina.

Ni ma jikanshi ne, ban cika yarda ba. Na lura farashin nashi yawo yake yi.

"Tsoho, shekaranjiya ka ce kaza sisi ce. Yau ka ce kwabo uku."

"Ta shekaranjiya mai ƙwai ce."

"Keken da ka ce ka saya fa? Kowane mako sai ya canza kuɗi."

"Kai ka saya ko ni? Ja'iri. Tashi ka ba ni wuri, mijin banza, ko sabulu ba ka taɓa saya ma matar taka ba."

Iya yake nufi, don wasan jika da kaka ni ne mijinta, shi kuma wai abokin takarata.

Amma bai taɓa cewa zamaninsu ya fi daɗi ba. In wani dattijo ya fara irin wannan magana a majalisa, sai Tsoho ya katse shi. "Ƙarya kake. Kaya na da araha, kwabon ne babu. In yini ina ɗaukar buhun auduga a wurin awo, wuyana ya sage, a miƙo mani abin da bai cika tafin jariri ba. Malamin sikeli kuma ƙafarshi na ƙarƙashin teburi, Allah kaɗai ya san abin da take yi a can."

Labarin da na fi so shi ne na majigi, wato sinimar da ake kawowa ƙauye a mota, a kafa farin ƙyalle a filin kasuwa, wani ya tsaya da lasifika yana bayani. Ya ce an nuna masu manoma biyu. Ɗaya ya bi maganar malamin gona ya shuka auduga a layi, ya sayi keke da sabuwar riga. Ɗayan ya ƙi, ya ƙare da tsumma.

"Kowa na tafi, ni hannun mutumin kirkin nake kallo. Hannu sumul kamar na amarya. Na ce wannan bai taɓa riƙe fartanya ba. Keken ma aro aka ba shi, ana gama ɗauka za su karɓe abinsu."

"To kai ka shuka a layin?"

"Na shuka. Amma sai da na bari maƙwabcina ya yi damina biyu yana yi, na ga bai mutu ba."

Akwai kuma wani mai shayi a bakin tashar jirgi da ke da garmaho, akwatin waƙa da ake wana ma hannu a ɗora baƙin faifai. Samari su haɗa anini-anini a sa masu. Tsoho ya rantse mutumin rabi yake wanawa da gangan, waƙa na tsakiya sai muryar mawaƙin ta fara ja kamar mai ciwon ciki, dole a sake biya. Ya ce shi bai taɓa ba da ko anini ba, daga bayan rumfa yake tsayawa ya ji kyauta. Duk da haka in yana tufkar igiya a zaure sai ka ji yana wata waƙa ƙasa-ƙasa, ta wata yarinya da jirgi ya tafi da ita. In ka ce, "Tsoho, waƙa kake?" sai ya ce tasbihi yake. Iya ta ce da ita ya riƙa zuwa zance wurinta. Ya ce sharri ne.

Labaran duniya ma haka. Lokacin da rediyo guda ce a gari, a ƙofar gidan dagaci, sai ya saurara, sannan ya je bakin hanya ya tambayi direbobin manyan motoci ko su ma sun ga haka a inda suka fito. Ya ce ranar da aka ce an ba ƙasa mulkin kai an yi kiɗa, an raba ma 'yan makaranta tutoci. "Washegari na je kasuwa na tambayi kuɗin gishiri. Yana nan yadda na bar shi. Na ce to." Har ya tsufa da 'yar rediyonshi a kunne, yana musu da ita. Mai karanta labarai ya faɗi abu, sai ka ji Tsoho ya ce, "Wa ya gaya maka?" Na taɓa nuna mashi bidiyo a waya, ya kalla ya kalla, ya miƙo mani. "Wannan ma majigi ne. Ƙyallen ne ya ƙanƙance."

Ni tun a aji biyu na sakandare na bar makaranta. Zama ne ba na iyawa. Na yi acaɓa, na yi wankin mota, na bi tirela kudu, na sayar da rake, daga ƙarshe na faɗa harkar gwangwan a Funtua, ina tura kura ina sayen tsoffin ƙarafa ina kai ma ogana. Baffa dillalin hatsi ne a garin, in ya hango ni da kura sai ya juya kai ya kama waya. Irina in abu ya ɓace a ƙauye ba a wahalar neman wanda za a kira.

Wani rani injin ban ruwa ya ɓace a fadama. 'Yan sintiri suka kama ni suka ɗaure a gindin bishiya a ƙofar gidan mai unguwa. Tsoho ya zo yana dogara sanda, ko kallona bai yi ba. Ya dubi mai injin.

"Wa ya gaya maka shi ne?"

Ya faɗi sunan wani. Tsoho ya ce a kira shi. Aka kira.

"Kai wa ya gaya maka?"

Shi ma ya faɗi wani. Tsoho ya nemi kujera ya zauna, ya ce a kira. Haka aka yi ta kira, rana ta take, mai unguwa ya gaji, 'yan sintiri suka fara hamma. Na ƙarshe da aka kawo ya sosa ƙeya ya ce, "Ni fa ban ce shi ne ba. Cewa na yi irin waɗannan yaran ne ke yi."

Tsoho ya miƙe. "Ku kwance shi."

A hanyar gida, da muka zo wajen rijiya sai ya tsaya.

"Kai ne?"

"Wallahi ba ni ba ne."

"Bar rantsuwa. Ban yarda da kai ba. Amma su ma ban yarda da su ba, kai kuma nawa ne."

Da muka isa ya shiga ɗaki ya daɗe yana lalube, ya fito da kwabon nan, ragowar na rufi. Ya ce, "Riƙe. Ba ya sayen komai, ba wanda zai ce sato shi ka yi."

Allah ya jiƙan Tsoho. A nan kam bai yi zargi yadda ya kamata ba, don kwabon nan ne Baffa ya ɗaga ma jama'a.

Ga yadda fitinar ta faro. Washegarin jana'iza, abokin nan nashi mai mataccen kunne ya so ya ba mutane dariya, sai ya ɗauko labarin rufi da ƙarfi, har na bakin hanya na ji. Ya ce lokacin da aka canza kuɗi daga fam zuwa naira, aka ce kowa ya kai tsoffi a ba shi sababbi, Tsoho ya ɗauki tulu cike da kwabbai ya tafi Malumfashi. Ya ga layi, ya karɓi sabon kuɗin a hannun wani ya juya shi, ya ga ba huda, ba nauyi. Ya ce wannan dabara ce, so ake a tattara na gaske sannan a ce na wasan ba ya aiki. Ya juyo da tulunshi ya binne. Wa'adi ya wuce, kwabbai suka mutu. Bayan shekaru da ya samu auduga ta yi kyau ya sayi kwano, kafinta ya ce a sayo abin da za a sa ma kan ƙusa, sai Tsoho ya ɗauko fartanya ya tono tulu.

Aka yi dariya. Amma akwai wanda bai yi ba. Wani mutum ne cikin farar shadda, ya zo da mota mai baƙin gilashi, ya ce ya san marigayi a harkar auduga. Na dube shi. Tsoho ya daina auduga tun wannan bai fara rarrafe ba. Ba wanda ya san shi, kowa ya ɗauka baƙon wani ne. Ya matsa kusa da Baffa ya ce irin kwabban nan yanzu ana nemansu a ƙasashen waje, akwai masu sunan wani sarki da in aka dace guda ɗaya sai ya sayi mota. Suka tashi suka shiga motar tashi, aka ɗaga gilashi, suka daɗe.

Kafin la'asar magana ta gama gari. Mutanen da suka yi rayuwarsu suna wuce gidanmu kai a ƙasa, yanzu kowa kai a sama yake wucewa. A harkarmu na sha jin irin wannan, yau a ce tsohon dutsen guga, gobe a ce tsohon keken ɗinki. Ban taɓa ganin wanda ya yi arziki da shi ba, ban kuma ga wanda ya tabbatar mani ƙarya ce ba. Ni ma sai da na ɗaga kai na kalla.

Safiyar uku aka tashi da ruwa. Na dawo daga masallaci na ji Iya na kirana a hankali. Na shiga na same ta a takure a lungu, cikin zanen takabarta, ta tara roba da ƙwarya a kan gado, ruwa na sauka ɗis-ɗis, katifa ta jiƙe. Na zagaya baya na ga tsani a jingine, kwano ya ɗaga baki. Ban tsaya kiran kowa ba. Na narka kwalta, na yayyanka tsohuwar robar taya, na hau. Abin da Baffa ya tarar ke nan.

Wa ya cire? Ina da mutane a raina. Direban Baffa, da na ga tsatsa a gwiwar wandonshi. Maƙwabcinmu mai tsanin, da ya ce bai san an ɗauka ba. Mai shadda, da ba a sake ganinshi a tabarma ba. Har Baffan kanshi, don saurin da ya yi ya zagayo baya da jama'a ya ba ni mamaki. Amma ban ga kowa ba, don haka ban kama sunan kowa ba.

Bayan azahar aka zauna a tsakar gida, ƙofar ɗakin Iya. Baffa, da ƙanwarshi Goggo, da Malam Liman. Ni a tsaye jikin rumbu, ba wanda ya ce in zauna. Iya na ciki bayan labule.

Baffa ya ce ya yanke shawara. Gobe kafintoci za su zo su kwashe rufin gaba ɗaya, a sa sabon kwano na zamani. Kwabban za su zauna a wurinshi har ranar rabon gado. Iya kuma ta shirya, zai tafi da ita gidanshi na Funtua ta yi takaba a can.

Ɗakin na ƙasa ne. A cire mashi rufi cikin damina, ruwa biyu ya isa ya zaunar da shi. Kuma na san Baffa, akwai sito da ya fara a bakin kasuwa, har yau sama yake kallo. In Iya ta shiga motar nan ba ɗakin da za ta dawo ta tarar. A ɗakin aka kawo ta tana amarya, a ciki ta haihu, a ciki aka yi ma mijinta wanka.

Malam Liman ya yi gyaran murya. "Alhaji, mai takaba a gidan mijinta take zama, sai in da lalura."

"Ga lalura kuwa, Malam. Ɗaki na yoyo, ga ɓarawo a cikin gida." Bai nuna ni da hannu ba, da haɓa ya nuna.

Na buɗe baki, Goggo ta harare ni na rufe.

Sai labule ya motsa. Iya ba ta magana da Baffa kai tsaye, ɗan fari ne, ko sunanshi ba ta faɗa. Ga takaba kuma, ba ta ɗaga murya. Sai da kowa ya yi tsit aka ji ta.

Ta ce da Goggo, "Ki tambayi yayanki, kwabban nan na wane ne?"

Baffa ya ce, "Na Baba mana."

"Ki ce mashi ya sake tunani."

Goggo ta dubi Baffa. Can sai ta sa gefen mayafi ta toshe baki, kafaɗunta na rawa, ban san ko dariya take ko kuka ba. Ta ce, "Yaya, ka manta? In ana ruwa?"

Ni ma sai lokacin abin ya faɗo mani. Duk wanda ya tashi a gidan nan ya san faɗan, mun saba da shi har mun daina jinshi. Tulun nan ba na Tsoho ba ne. Na Iya ne. Kuɗin kaɗin zare ne da man gyaɗa da ƙuli, kwabo-kwabo ta tara tun tana amarya, tana so ta sayi saniya. Ita ba ta fita, shi ta ba ya kai mata canji, ya dawo ya ce mata a dakata a gani. Aka dakata har aka gani. Tun daga nan, duk damina, da ruwa ya fara dukan kwano sai Iya ta ce, "Ka ji kuɗina na kuka." Shi kuma ya ce, "Ai dai ba ki jiƙe ba." Wani lokaci su tsaya nan. Wani lokaci ta ƙara da cewa mutum ya zargi gwamnati ya kashe ma matarshi saniya, shi kuma ya ce da saniyar ce da tuni an yanka an manta. In ya ji zafi ya ɗauki rediyonshi ya koma zaure, ita kuma ta aika mashi da kunu ba sukari. Ko daminar bana, kwanaki kaɗan kafin ya kwanta, na ji su suna yi.

Baffa ya ce, "Ai ya biya ta. Na tuna har maraƙi ya sayo."

Iya ta ce, "Ki ce mashi ya sayo, na ƙi karɓa. Na ce a bar mani kayana a inda nake jin su."

Goggo ta ce, "Haka aka yi. Da maraƙin aka yi mani gara."

Malam Liman ya shafa gemu. Ya ce, "To, Alhaji. Kwano na marigayi ne, ƙusa ta marigayi ce. Kwabo nata ne, ba ya cikin gado. Ba a cire kwabo sai an cire ƙusa, ba a kuma taɓa kayan mutum sai da izininshi."

Baffa ya matsa bakin ƙofa ya sassauta murya. "Iya, kuɗi ne fa masu yawa. Har Makka sai ki je, ki sake zuwa."

"Ki ce mashi ba na sayarwa. A ɗakin nan zan yi takabata. Ki ce ya ba yaron nan makullinshi, ya hau ya toshe mani, hadari na haɗowa."

Baffa ya jefo mani makulli. Amma sai da ya ɓalle kwabon ya sa a aljihu, ya ce wannan sai an bincika. Ya ce in an fita takaba za a sake zama. Ya shiga mota bai yi ma kowa sallama ba.

Da aka watse na durƙusa bakin labule. Na ce, "Iya, ke kin yarda ba ni ba ne?"

Ta ce, "Ni ban ga kowa ba, mijina. Ruwa na gani. Hau ka toshe."

Na hau na toshe. Ina sama na tsaya na kalle su da kyau, abin da ban taɓa yi ba. Wasu ja, wasu fari, rana da ruwa sun cinye rubutun, kowane da zoben tsatsa inda kan ƙusa ya zauna. Na tuna hannun Iya, yatsunta da suka karkace saboda mazari. Na buga robar taya a inda aka cire, na sauko, na ɗaure tsaninmu da sarƙa, na maida ma maƙwabci nashi ban ce mashi komai ba.

Ba a gama ba. An ce an ga motar mai shadda a bakin hanya a Dayi. Har yanzu masu wucewa kai a sama suke wucewa, in sun gan ni su sauke shi su dube ni. A masallaci wanda ke kusa da ni sai ya jawo takalminshi gabanshi. Ni da ban taɓa cika wata guda a wuri ɗaya ba, na ɗauko tabarmata na dawo rumfar bayan ɗaki.

Allah ya jiƙan Tsoho, ya yafe mashi, ya haskaka kabarinshi, ya sa tambayar da za a yi mashi ta zo da sauƙi fiye da waɗanda ya yi ma mutane. Wanda ya karanta wannan ya sa shi a addu'a, ya sa Iya ma.

Da yamma na tura ma ogana na Funtua saƙo:

"Oga, barka da yamma. Na gode da gaisuwa. Ba zan dawo aiki ba sai Iya ta fita takaba, in ka ba wani kurata ba komai. Alfarma ɗaya nake nema, ka gaya ma sauran masu saye na layinmu ma. In wani ya kawo tsoffin kwabbai masu huda, ka duba bakin hudar. In da zoben tsatsa, na rufin kakata ne. Kar ka saya, kar ka kore shi, kar ka nuna ka sani. Ka ba shi benci, ka aika a sayo mashi shayi, ka kira ni. Ko wane ne. Ko da ka ga muna kama da shi."